Labarin Giwar Teku

Zuwa ga Edita,

A wannan mako ina so in ba masu karatu labarin wata dabba wadda ba a ganinta a Rawayau, gama ruwa mafi girma da ke kusa da mu shi ne madatsar Zobe ta Dutsin-Ma. Amma labarinta ya taɓa shafar gyaɗar kakanninmu.

Turawa suna ce mata bulu wel, Larabawa kuwa suna kiran irinta hutu. Ni zan kira ta giwar teku. Kada a haɗa ta da giwan ruwa na masunta, shi wannan kifi ne, ita kuwa ba kifi ba ce. Haihuwa take yi, ta ba da nono, kuma tilas ta taso bisa ruwa ta shaƙi iska ta ƙofofin hanci biyu da ke tsakar kanta. Ba a san wata dabba mai rai da ta kai ta girma ba. Tsawon babba yakan kai ƙafa 100, watau wajen kamu sittin, nauyinta kuwa tan 150, nauyin giwa ashirin da biyar ke nan.

Abin mamaki, duk girman nan ba ta da haƙori ko ɗaya. Wani abu ne kamar tankaɗe ya jeru a bakinta. Sai ta kamfaci ruwa, ta tura shi waje da harshe, 'yan mitsi-mitsin jatan lande su maƙale, ta haɗiye. Takan ci tan huɗu ko fiye a yini. Jaririnta ana haifarsa da tsawon ƙafa 23, yana ƙara kilo 90 kowace rana da nono kaɗai. To, ga inda rauninta yake: cikinta wata goma sha ɗaya ne, ɗa ɗaya take haifa, kuma sai bayan shekara biyu ko uku ta sake.

Da can maharban teku ba su iya cim mata, don ta fi kwalekwalensu sauri. Sai a 1870 wani mutumin Norwe, Svend Foyn, ya yi rajistar bindiga mai harba mashi da albarushi a bakinsa, aka kafa ta a jirgi mai tururi. A 1904 aka buɗe mafauta a Grytviken, a tsibirin Jojiya ta Kudu, kusa da tekun ƙanƙara na Antatika. Daga 1925 aka sami jiragen da ke jawo dabbar ciki su feɗe ta a tsakiyar teku. A kakar farauta ɗaya, ta 1930 zuwa 1931, an kashe fiye da 29,000.

Mai suke nema. Ana narka kitsenta a yi sabulu da man shafa wa burodi, watau aikin da man gyaɗa yake yi. A wancan lokaci kamfanin Unilever yana cikin manyan masu sayen man nan, shi ne kuma a lokacin uban kamfanin UAC mai awon gyaɗa a Kano. Ban ce wannan kaɗai ya karya kuɗin gyaɗa a shekarun 1930 ba, gama ciniki ya faɗi ko'ina a duniya. Amma wanda ya sami mai da araha a teku ba ya ɗokin na manomin Katsina.

Ƙasashe sun ƙulla yarjejeniyar tsara farautar a Washinton a 1946, amma ba a hana kashe giwar teku a duniya duka ba sai 1966, kuma jiragen Tarayyar Sobiyat suka ci gaba a ɓoye har farkon shekarun 1970. A ganina an yi hanin ne bayan da babu sauran abin kamawa. Masana sun ƙiyasta na Antatika sun faɗo daga fiye da 200,000 zuwa ƙasa da 400. Yau ana ƙiyasin 10,000 zuwa 25,000 a duniya duka. Suna ƙaruwa, har a 2020 masu bincike suka ga fiye da 50 a Jojiya ta Kudu, inda aka daɗe ba a ganinsu. Sai dai har yanzu manyan jiragen kaya suna banke su a gaɓar Siri Lanka da Kalifoniya.

Mu ma muna da mai kama da ita a kogin Kwara da Binuwai, watau ayu. Shi ma nono yake sha, ɗa ɗaya ake haifa bayan ciki na wajen shekara, kuma ana kashe shi don nama da mai, ko da yake dokar Nijeriya ta 1985 ta hana. Ina roƙon malamai da ma'aikata da ke zaune a bakin kogunan nan su tambayi masunta yaushe rabonsu da ganin ayu, su rubuto wa Edita mu ji.

Naku,
Wani malamin makaranta, Rawayau.