Ɗan Kwara Ba Baƙo Ba Ne

Jama'a, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Kwarori, mutanen Labanan ta nahiyar Asiya, suka yawaita suna sayen gyaɗa. A Kano aka yanke wa ƴaƴansu cibiya. Da Hausa suka buɗe baki. Sun girma, muna ce musu baƙi. In sun je Bairut, a ce musu ƴan Afirka. To, ina ne gidansu?

Wasu sun ce fatarsu daban ce. Wannan ba hujja ba ce. Ku dubi kasuwarmu ta Yelu: Bakyange, Bazabarme, Bafillace, duk Hausa ta haɗa mu. Wa ke tambayar jinin wani?

Wanda ya binne iyayensa a ƙasarmu, namu ne. Mu bar ce masa baƙo.