Zomon Bature da takardar inshora: kafin mu yi dariya, mu karanta

A wani shiri da muka gabatar a rediyo kwanakin baya, mun kawo labarin cewa a ƙasashen Turai akwai masu biyan kuɗi duk wata don yi wa zomon gidansu inshora, wato abin da muke kira asurans a nan Nijar. Ba mu rufe baki ba waya ta fara ƙara. Wata baiwar Allah mai saida kayan miya ta ce: "Ku ji mini ƙoshi! Mu zomonmu in ya fara rashin lafiya ai wuƙa ce likitansa." Mun yi dariya tare da ita, domin ta faɗi gaskiya. To amma da muka sake nazari sai muka ga akwai abin ɗauka cikin wannan labari, musamman ga ƴan kasuwa maza da mata, waɗanda dukiyarsu ke kwana a rumfa su kuma suna kwana a gida.

A Ingila da Faransa mutane da yawa suna riƙon zomo cikin ɗaki kamar yadda wasunmu ke riƙon kyanwa, kuma in ya samu kulawa yakan yi shekara 8 zuwa 12. Sai dai dabba ce mai rauni. Haƙoransa ba su daina girma har ya mutu, in bai samu isasshiyar busasshiyar ciyawa da zai tauna ba sai su yi tsini su yanke masa harshe da kumatu, dole likitan dabbobi ya sa shi barci ya goge su, bayan ƴan watanni kuma a sake. Zomo ba ya iya amai, in cikinsa ya tsaya ya yi rabin yini bai ci ba, to yana bakin mutuwa. Ga kuma wata annoba mai sa zubar jini a cikin jiki, wadda aka fara gani a ƙasar Sin a 1984, sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010. Gwamnati ba ta biya wa kowa kuɗin maganin dabbar gida, aiki ɗaya kuwa a wurin likita yakan ninka kuɗin zomon kansa sau da yawa. Wannan shi ya sa mai zomo ke neman inshora.

Abin kuma ba da zomo ko kare ya faro ba. A ƙasar Suwidin aka soma a 1890, da dawaki da dabbobin manoma. Sai a 1924 aka yi wa kare na farko a can, Ingila ta biyo baya a 1947, Amurka kuma a 1982. Ke nan asalinsa dabara ce ta makiyaya da manoma irinmu, masu tsoron kada dare ɗaya ya cinye wahalar shekara goma.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda mai hankali daga cikinsu ke zaɓen inshorar. Ba ya fara tambayar nawa ne a wata. Tambayarsa ta farko ita ce: mene ne ba za ku biya ba? Kusan duk kamfanonin ba su biyan cutar da zomo ke da ita tun kafin a sa hannu. Ba su biyan allurar rigakafi, amma in ba ka yi ta ba zomo ya kamu da cutar da allurar ke hanawa, ba za ka ga ko dala ba. Da yawa kuma sun cire ciwon haƙori, ko sun gindaya sharaɗin a kai shi likita ya duba bakinsa kowace shekara, alhali ciwon haƙori na cikin manyan abubuwan da ke kai zomo asibiti. Wanda bai karanta wannan layi ba ya sayi laima mai huji daidai saman kansa.

Tambaya ta biyu: yaushe alkawarin zai fara aiki? Akwai kwanakin jira, a Ingila galibi mako biyu ga rashin lafiya, duk abin da ya taso cikinsu mai zomo ne zai biya. Wasu kamfanonin ma ba su karɓar sabon zomo da ya wuce shekara 5. Hausawa sun riga su faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta uku: nawa ne rabona cikin asarar? Kowace takarda tana da wani kaso da mai dabba zai fara biya daga aljihunsa. A misali, in an rubuta jika 30 ne rabonka, likita ya caji jika 100, kamfani jika 70 zai ba ka. In kuwa jika 25 aka caje ka, babu abin da za ka karɓa.

Ta huɗu: ina iyakar biyan? Wata inshorar hatsari kaɗai take biya. Wata tana biyan cuta ɗaya har wata 12, daga nan ta cire ta. Wata tana da jimlar kuɗi ga kowace cuta, in ta ƙare shi ke nan. Mafi tsada ita ce wadda ake sabunta kason kowace shekara muddin ba ka fasa biya ba, kuma ita ce ke da amfani ga ciwo mai dawowa irin na haƙori. Araha dai ba ta ado.

Yanzu mu dawo gida. Ba mu ce Hajiya mai kiwon zomaye a bayan ɗaki ta je neman inshorar zomo ba. Zomon jika kaɗan bai kai a biya masa kuɗi duk wata ba, inshorarsa ita ce inuwa, tsaftar keji, ruwa mai kyau, da ware sabon da aka sayo na ƴan kwanaki kafin a haɗa shi da na gida. Ita kanta ƙa'idar ta nuna haka: ƙaramar asara da aljihu zai iya ɗauka a tanadar mata asusu, babbar asara mai durƙusar da gida ita ake nema wa inshora.

Mu kuwa babbar asararmu mun san ta. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai 1987. Ƙaramar kasuwar Yamai ta ƙone a 2012. Daga Maraɗi zuwa Damagaram da Tawa, ba sai an gaya wa ɗan kasuwa mece ce gobara ba, ko faɗuwar babbar mota da kayan mutum ashirin a kanta. Bayan kowane irin wannan bala'i abu ɗaya muke gani: a zo jaje, a yi alkawari, kowa ya watse, mai rumfa ya koma neman bashi.

Amma mafi yawanmu abin da muka sani game da asurans shi ne takardar da direba ke miƙa wa jandarma a hanya. Mutane nawa suka san cewa wannan ta dole, wanda motar ta yi wa ɓarna take biya, ba gyaran motar kanta ba? Ƴan kasuwa nawa suka taɓa tambayar mai mota ko buhunan da suka loda masa suna cikin wata takarda? Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar CIMA a birnin Yawunde a 1992, wadda ta shimfiɗa dokar inshora iri ɗaya ga ƙasashen, kuma tun gyaran da aka yi a 2011 ƙa'idar ita ce wanda bai biya kuɗinsa ba alkawari bai hau kan kamfani ba. Saboda haka "zan kawo ciko bayan kasuwa" ba ta aiki a nan.

Mun san akwai masu cewa malamai sun yi magana a kan inshora, kuma gaskiya ne akwai saɓani. Kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi, ya kuma tambaye shi game da takaful, tsarin taimakon juna da aka fara kafa wa kamfani a Sudan a 1979. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. A jihar Maraɗi aka faro ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, aka kwaikwaye su a ƙasashe da dama. Ga habbanaye na Fulani, inda ake ba wanda ya rasa dabba aron ta mace har ta haifa masa. Sai dai asusun mata talatin da duk rumfunansu ke layi ɗaya ba zai iya da wutar da ta ci layin gaba ɗaya ba. Nan ne ake buƙatar aljihun da ya fi namu zurfi.

Shawararmu ga shugabannin ƴan kasuwa ita ce su gayyaci kamfanonin su zo cikin kasuwa, a karanta takardar layi-layi, a fassara ta da Hausa a gaban jama'a, a yi musu tambayoyin nan huɗu na mai zomo. Wanda ya kasa amsawa a fili, kada a ba shi ko dala. Wanda ya amsa, a sa shi ya rubuta, a riƙe rasit, a kuma riƙa rubuta kayan da ke cikin rumfa a littafin da zai kwana a gida, domin ranar biya shaida ake nema. Su kuma kamfanonin su sani, muddin ana jin labarin wanda ya yi ta zirga-zirga bai ga kuɗinsa ba, ba mai kawo musu nasa.

Dariyar da muka yi wa Bature da zomonsa ba laifi ba ce. Amma shi ya zauna ya karanta takarda saboda dabbar da ba ta kawo masa ko sisi, mu kuwa jarin da ke ciyar da ƴaƴanmu yana kwana ƙarƙashin kwano da tsofaffin wayoyin lantarki. An ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya kiyaye mu daga gobara da asara, amin.