Shaidar Ɗaci a Kan Nasabar Dangin Wake

Duk wanda ya dubi wake da gyaɗa da gujjiya, sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi ɗorawa da tsamiya da gawo, da wuya hankalinsa ya yarda cewa zuriya ɗaya ce, alhali kuwa malaman ilmin tsirrai sun tara su a dangi guda mai jinsi sama da 19,000, wanda rarrabe gidajensa ya daɗe yana jawo saɓani. Magabata sun dogara ga siffar fure da kwanso, har malami De Candolle ya nuna a 1804 cewa tsirran da suka haɗa kama sukan haɗa amfani wajen magani. Daga nan aka fara neman nasaba a cikin alkaloyid, wato sinadaran nan masu ɗaci da tsiro ke kare kansa da su daga dabba da ƙwaro.

Hujjar masu wannan nema ba ta rasa ƙarfi ba. Turmus, wanda mutanen Masar da Sudan ba sa ci sai sun jiƙa shi kwanaki ɗacinsa ya fita, yana ɗauke da irin alkaloyid ɗin da ke cikin tsirran Sophora da Genista, kuma da aka zo binciken ƙwayoyin halitta sai ya tabbatar da kusancinsu. Minjirya tana da nata na musamman, haka gwaska da aka riƙa sha don rantsuwa a zamanin jahiliyya, haka waken Kalaba, wanda aka ciro sinadarinsa a 1864 ya zama maganin ciwon ido.

Amma a ganina, wanda ya mai da wannan shaida hukunci ya yi gaggawa, domin a wurin malaman fiƙihu alama dabam take da bayyina. Ga shukar Crotalaria, 'yar gidan su turmus ce, amma ta bar sinadarin danginta ta ɗauki wani wanda ake samu a tsirran da ko kusa ba su haɗa kaka da ita ba, saboda abokan gaba iri ɗaya kan sa baƙi su ƙera makami iri ɗaya, kuma zuriya takan ajiye makamin gado idan bukatarsa ta kau. Shi ya sa da malamai suka sake raba dangin gida shida a 2017, maimakon uku na da, a kan ƙwayoyin halitta suka kafa hukuncinsu, alkaloyid kuwa aka bar masa aikin gargaɗin makiyayi da mai haɗa magani.