Kwali Maraya, Ba Mai Tsintarka

Zuwa ga Edita da dukan masu karatu. Yau ba ƙarar wani na kawo ba, ƙarar kaina na kawo. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Na daɗe a wannan fili ina hangen na mutane, to, yau ga nawa.

A tsakiyar daminar bana Allah ya ba ni ɗa namiji. Ran suna na so in fita kunyar abokan aikina na ofis, sai na sayo lemon kwali katan-katan na raba wa baƙi. Da aka watse, 'yan jari bola suka zo suka tsince gwangwanaye da robobi da kwalabe tsaf, kafin magariba ba ko ɗaya a ƙofar gida. Kwalayen lemo kuwa ba wanda ya ko dube su. Da na ga sun tare mini ƙofa, sai na ce wa yaro ya share su ya tura cikin kwata, ruwa ya tafi da su.

Bayan kwana biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwalbatin bakin layinmu ta toshe, ruwa ya rasa hanya, ya komo da baya ya shiga gidan maƙwabcina, wani dattijo wanda ya girmi mahaifina. Katangarsa ta ƙasa ta jiƙa ta faɗi, hatsinsa ya ɓaci. Allah dai ya kiyaye ba a yi hasarar rai ba. Da gari ya waye muka fito da shebur muna yasar kwalbati, sai ga kwalayena suna fitowa cuɗe da ledojin mutane, zanensu ko kodewa bai yi ba. Dattijon ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ce, "Akawu, wannan ba irin lemon da muka sha ran suna ba ne?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Albashina na wannan wata a ginin katanga ya ƙare.

Tun daga ran nan wata tambaya ta hana ni sakat. Mu mutane ne da ba mu saba yar da abu ba. Kwalba in ta ƙare aikinta sai ta koma ta man gyaɗa. Gwangwanin madara ya zama ma'auni ko fitilar aci-bal-bal. Tsohuwar taya ta zama takalmi ko guga. To, me kwalin lemo ya yi aka mai da shi maraya? Na tambayi wani yaro ɗan jari bola, ya ce, "Yallaɓai, ba ya hawa sikeli. Mai sayen takarda ya ce leda ce, mai sayen roba ya ce takarda ce, mai sayen ƙarfe kuwa dariya ya yi mini." Ashe jemage ne, shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba.

Yaron nan gaskiya ya faɗa. Wanda ya tsaga kwalin ya duba zai ga ba abu guda ba ne, abubuwa 3 ne aka manna su hawa 6. Wajen kashi 70 zuwa 75 cikin 100 takarda ce mai kauri, ita ke ba shi tsayuwa. Wajen kashi 20 zuwa 25 leda ce, ita ke tare ruwa ciki da waje. Sauran wajen kashi 5 kuwa sanholo ne, watau farin ƙarfen nan da ake zuba tukwane da shi, an daddale shi har bai kai kaurin silin gashi ba, shi ke hana iska da haske shiga su ɓata abin da ke ciki.

Asalin wannan dabara daga ƙasar Suwidin ta fito. Wani attajiri, Ruben Rausing, shi ya kafa kamfanin Tetra Pak a garin Lund cikin 1951, a 1961 kuma suka fito da irin kwalin da madara ke yin watanni a ciki ba ta tsinke ba, ko da ba a sa ta a firji ba. Kada wani ya zaci na zo kushe shi ne. A ƙasa mai zafi irin tamu, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Ga shi kuma ba nauyi, kwalin lita 1 wajen giram 30 ne kacal, saboda haka motar da ta ɗauko shi ba ta shan mai kamar wadda ta yi lodin kwalabe. Aibinsa ba ya bayyana sai bayan an shanye.

In an jefa shi a kwata, ledar jikinsa ta hana shi narkewa, ya toshe hanyar ruwa kamar yadda ya auku gare ni. Ruwan da ya kwanta kuwa gidan sauro ne, sauro kuma kowa ya san shi ke kawo zazzaɓi. In an ƙone shi a juji, hayaƙin leda ya shiga ƙirjin yara da tsofaffi. In an binne shi, takardar ta ruɓe sannu a hankali tana fid da wata iska da masana ke kira mitan, tana cikin iskokin da ke ƙara wa duniya zafi, ledar da sanholon kuwa su yi zamansu cikin ƙasa shekara da shekaru. Bayan duk wannan ga hasarar itacen da aka sare aka yi takardar, an more shi sau ɗaya tak aka yar.

Alhali kuwa abin yana da magani, maganin ma ba mai wuya ba ne. A masana'antar takarda akwai wata babbar randa ta ƙarfe mai muciya a gindinta. A kan zuba kwalayen a ciki da ruwa, inji ya yi ta damawa wajen rabin sa'a, kamar yadda a kan dama fura. Takardar sai ta saki jiki ta zama kunu, a tace ta, a yi sabon katan ko takardar goge hannu da ita. Tukar da ta rage, watau leda da sanholo, a gasa ta a danne, ta zama allo ko kwanon rufi. A ƙasashen Indiya da Tailan da Barazil an yi rufin ɗakuna da irinsa, ba ya tsatsa. Duk da haka, bisa ga lissafin kamfanin da kansa, wajen ɗaya cikin huɗu kaɗai na kwalayensa a duniya a kan sake sarrafawa. Sauran uku suna juji, ko wuta, ko kwata.

Abin da ya fi ƙarfafa mini zuciya shi ne labarin Japan. A can ba hukuma ce ta fara ba. Cikin 1984 waɗansu iyaye mata a wani ɗan gari mai suna Otsuki suka ga bai kamata 'ya'yansu su tashi da halin sha-ka-yar ba, suka fara tara kwalayen madara. Yau ya zama al'ada a ƙasar, a ɗauraye kwali, a tsaga shi, a shanya, a kai inda ake tarawa a ƙofar kanti.

Saboda haka ga roƙona kashi uku. Na fari ga masu gida: kowa ya sha ya ɗauraye kwalin, ya tattake shi ya kwanta, ya adana a buhu har mai kwasar shara ya zo. Kada a kwata, kada a wuta. Ko wannan kaɗai aka yi an tsirar da katanga.

Na biyu ga malaman makaranta: kwalin da aka yanke wa kai aka huda gindinsa wurin renon dashe ne mai kyau. Ku sa kowane almajirinku ya reni darbejiya ko zogale a ciki. Yaron da ya saba da haka da wuya ya girma ya aikata irin wautata.

Na uku ga hukuma da attajiran da ke cika kwalayen nan suna sayar mana: ɗan jari bola ba wa'azi yake jira ba, kuɗi yake jira. Ran da aka ce ga wurin da ake sayen kwali a kan sikeli, ko da kuɗin kaɗan ne, ina tabbatar muku ba za a sake ganin ko ɗaya a titi ba, kamar yadda ba a ganin gwangwani. Kuɗin kafa wannan wuri kuwa ya kamata ya fito daga masu cin ribar abin, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ni dai yanzu akwai buhu rataye a zaurena, har maƙwabta sun fara kawo nasu. Dattijon nan shi ya fara jefa na farko, yana murmushi. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin. Haza wassalam.

Naku,
Akawun Bakin Kasuwa