Kafin a zargi ɗan kwantiragi, a tsallaka gada zuwa Harobanda

Duk lokacin da sakamakon jarrabawa ya fito da muni a Nijar, mutum ɗaya ake nuna wa yatsa: malamin kwantiragi. A fada da gidajen rediyo da ofisoshin ma'aikata magana ɗaya ce, wai bai iya ba, bai san Faransanci ba, neman na tuwo ne ya kai shi aji. Malaman jami'a kuwa an ɗauka rigimar ba ta shafe su ba, tunda nasu aikin bincike ne da wallafa da hawa matakan girma. Wannan ra'ayi ban yarda da shi ba. Rauni a ajin firamare na unguwar Talaje a Yamai yana da saiwa a Harobanda, inda Jami'ar Abdou Moumouni take, kuma muddin hanyar ci gaban malamin jami'a ba ta bi ta ƙofar wannan aji ba, gyara ba zai zo ba.

Raunin ba abin musu ba ne. Binciken PASEC na 2014 ya nuna ko kashi 10 cikin ɗari na yaran da ke gama firamare a Nijar ba su kai matakin karatun da ake bukata ba. A watan Yulin 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, an yi wa malaman kwantiragi jarrabawa a duk faɗin ƙasa. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki, dubbai kuma suka rasa aikinsu. An kori ƙananan, aka ce an yi maganin cuta. Ba a tambayi wanda ya horar da su ba, balle wanda ya horar da mai horarwar.

Tun ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ke ɗibar matasa, wasu da horon 'yan makonni kawai, tana miƙa musu alli. Waɗanda suka yi sa'a sun bi ta makarantun horon malamai irin su Askia Mohamed ta Damagaram, Bawa Jangwarzo ta Maraɗi da Mali Bero ta Dosso. Amma da mai horo da marar horo, duk suna ƙarƙashin sufetoci da masu ba da shawara kan dabarun koyarwa, kuma waɗannan a babbar makarantar horon malamai ta ENS da ke cikin jami'ar Yamai ake yaye su, tare da malaman koleji da na lise. Ashe igiyar ɗaya ce, tun daga ofishin farfesa har zuwa allon malamin firamare. Wanda ke riƙe da bakin igiya ba zai ce bai san abin da ke faruwa a ƙarshenta ba.

To me ya sa malamin jami'a ba ya leƙa ƙarshen? Ba don mugunta ba ne. Tsarin ƙarin girma ne ya nuna masa inda riba take. Daga mataimaki zuwa cikakken farfesa matakai ne da ake hawa ta hannun CAMES, majalisar da shugabannin Afirka suka kafa a nan Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Abin da ya fi nauyi a takardun mai neman girma shi ne maƙalolin da ya buga a mujallun ilimi da ɗaliban digiri da ya duba. Matashin dakta da ya shafe watanni yana bin ɗalibansa makarantun da suke gwajin koyarwa, yana zama a bayan aji yana gyara musu yadda ake riƙe hankalin yara, zai ga abokinsa da ya zauna ya rubuta maƙala uku ya wuce shi. Duk mai iyali ya san zaɓin da zai yi.

Ga abin da ake bari a baya. Shiga wani aji a gefen gari, wajen Koira Tegi ko Talaje, da ƙarfe takwas na safe. Bangon zana ne, rufin kara ne, yara a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, wani lokaci sun doshi ɗari. Wannan Zabarmanci ake yi a gidansu, wancan Hausa, na kusa da ƙofa Fulatanci, ga kuma waɗanda rikici ya koro daga yankin Tillaberi sun zo tsakiyar shekara. Madam ta rubuta jimla da Faransanci, ta karanta, aji ya amsa da murya ɗaya. Kira yarinya guda ka nuna mata kalma ta uku, sai ta sunkuyar da kai. Waƙa ta haddace, ba karatu ba. A irin waɗannan azuzuwa ne gobara ta kashe yara 20 a unguwar Pays-Bas a watan Afrilun 2021. Yadda za a koyar da karatu ga yara masu harsuna huɗu a inuwar zana tambaya ce ta ilimi mai zurfi, ta cancanci digirin dakta goma. Amsarta ba ta cikin littafin da aka rubuta don ajin yara ashirin da biyar a Faransa.

A cikin jami'ar nan tamu akwai misalin da ya isa hujja. Malamin tsangayar likitanci yana duba marasa lafiya a asibitin Lamorde ko babban asibitin ƙasa, ɗalibansa na biye da shi gado zuwa gado. Ba wanda zai yarda farfesan tiyata ya yi shekara goma bai riƙe wuƙa ba. Me ya sa muka yarda mai koyar da koyarwa ya yi shekara goma bai tsaya gaban yara ba?

Za a ce malaman jami'a sun yi kaɗan, ɗakunan karatu sun cika maƙil, shekarun karatu suna hawa kan juna, ƙungiyarsu ta SNECS ta daɗe tana kuka a kan kayan aiki. Gaskiya ne, kuma akwai malaman ENS da ke zuwa makarantu da man baburinsu ko motarsu ba tare da an ce musu sannu ba. Wannan shi ne ma abin da nake ƙorafi a kai: aikin da ya fi amfani an bar shi ga mai zuciyar sadaka. Za a kuma ce sassauta wallafa zai zubar da darajar jami'a. Ban ce a daina bincike ba. Na ce a kai binciken inda ciwon yake.

Mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa tun 1992 bai raina wannan fage ba. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, masanin kimiyyar hasken rana ne, amma a 1964 ya fitar da littafi sukutum a kan ilimi a Afirka, inda ya kare koyar da yara da harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Wa zai rubuta littattafan lissafi da kimiyya da Hausa da Zabarmanci, wa zai horar da masu koyar da su, idan yin hakan ba ya ƙara wa malamin jami'a ko taki ɗaya?

Abin yi a fili yake. A haɗa ENS da makarantun gwamnati na unguwannin gefen Yamai, kowane malaminta ya san makarantarsa kamar yadda likita ya san ɗakin majinyatansa. A lissafa awoyin da ya yi a can cikin awoyin aikinsa, a biya shi. Littafin koyarwa da aka gwada a aji aka ga amfaninsa, a ba shi nauyin maƙala, Nijar kuma ta kai wannan bukata teburin CAMES. A buɗe wa gogaggun malamai da sufetoci hanyar digiri na uku, domin wanda ya sha ƙurar alli ya zama mai koyar da masu koyarwa.

Ɗan kwantiragi an yi masa jarrabawa, ya biya farashi da aikinsa. Adalci shi ne a auna na sama da mudun da aka auna na ƙasa: kafin a ƙara wa mai horar da malamai girma, a tambaye shi yara nawa suka iya karatu a hannun waɗanda ya yaye.