Littafin sa hannu da kirarin ƴan kokowar Kurfai

Sanin kowa ne, a Amurka da ƙasashen Turai akwai ɗabi'ar bin ƴan wasa da alƙalami da takarda domin a samu sa hannunsu. Masoyi yakan kwana a bakin filin wasa, ko ya biya kuɗi ya bi dogon layi, don ɗan kokowar WWE ko ɗan ƙwallo ya zana masa sunansa a kan hoto ko riga. Telebijin da salula sun kawo labarin wannan ɗabi'a har Filinge, kuma akwai masu ganin cewa ya kamata a koya wa ƴan makaranta ita, wai ta haka ne za a ɗaukaka darajar ƴan kokowar gida. Niyyar mai kyau ce, amma in aka ɗauko abin yadda yake, an yi aron da ba zai biya buƙata ba, domin Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Da farko a dubi abin da ɗabi'ar ta zama a inda aka haife ta. Sa hannu ya koma haja, ana saye ana sayarwa, kuma duk inda haja ta yi tsada, jabu na biye da ita. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta bankaɗo gungun masu ƙera sa hannun manyan ƴan wasa a binciken da aka kira Operation Bullpen. Ga shi kuma ko na gaskiyar ba ya faɗin komai a kan mai shi, in ban da cewa wata rana ya riƙe alƙalami na ɗan lokaci.

Ɗan kokowar ƙasar Hausa kuwa yana da tasa shaidar tun kafin zuwan boko, wato kirari. In kaka ta yi, aka kai hatsi rumbu, samarin Shikal da Luma da Tukunus sukan haɗu a dandali, ganga na tashi, kowa ya fito ya faɗi ko shi wane ne, ɗan wane, daga wane gari, wa ya kayar, wa yake nema. A cikin wannan furuci akwai asali, akwai tarihin gari, akwai Hausar Kurfai da ba a samu a kamus. Sannan al'adar ta tanadi yadda masoyi yake nuna ƙauna: shi ne yake bayarwa, ya yi kari ga ɗan wasa da makaɗinsa. Mai farautar sa hannu karɓa kawai yake yi. Bugu da ƙari, da yawa daga tsofaffin ƴan kokowa ba su shiga makarantar boko ba. Yaron da ya miƙa wa irin wannan dattijo biro a bainar jama'a, ya sa shi kame-kame, kunya ya ba shi a wurin da ya zo girmamawa.

Tarihi ma shaida ne. An fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, wanda haifaffen Fandu ne a cikin yankin Filinge, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. Daga shi har zuwa Kadiri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, da ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a ƙarshen 2023, wane ne aka riƙe sunansa saboda zanen alƙalaminsa? Bakin makaɗa irin su Sagalo, da muryar rediyo, da hirar dandali su ne suka raya sunayen Kantu da Salma Ɗan Rani da Langa-Langa, kamar yadda Ɗan Anace ya raya sunan Shago a fagen dambe. An raɗa wa filin kokowar Tilaberi sunan Naruwa Sanu, to amma ɗalibai nawa ne za su iya ba da labarin karawarsa ko ɗaya?

Masu goyon bayan ɗabi'ar suna da hujja guda da ba za a raina ba: tana sa yaro ya tashi ya je ya ga gwaninsa ido da ido, da littafi a hannu. Wannan kam abin riƙewa ne. Gyaran da ake nema yana ga abin da za a zuba a littafin. Gasar ƙasa ƴan wasa 80 take tarawa, 10 daga kowace jiha, alhali waɗanda suka yi tashe a ƙauyukan Kurfai ba su taɓa shiga akwatin telebijin ba sun fi ƙirguwa. Suna tsufa, suna mutuwa, kuma rashin tsaro a arewacin jihar, musamman wajen Abala, ya watsa garuruwa da dama tare da dandalinsu.

Saboda haka aiki ya rage ga malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu. A tura ɗalibai bibbiyu wurin tsohon ɗan kokowar unguwarsu, da sallama da goro. Su rubuta sunansa da na mahaifinsa da na garinsu, da shekarun da ya yi yana wasa, da makaɗinsa, da kirarinsa kamar yadda ya fito daga bakinsa, ba tare da an juya shi zuwa Hausar Kano ba. Su ɗauki muryarsa da salula in ya yarda. A ƙarshe a karanta masa abin da aka rubuta, in ya gamsu ya sa hannu a ƙasa, da boko ko da ajami ko da dangwalen yatsa, a kuma bar masa nasa kwafin. A nan ne sa hannu yake da ma'ana, tunda ya zama shaidar cewa maganar tasa ce. Cibiyar CELHTO da ke Yamai tun 1968 take tattara irin wannan taska ta baka, kuma tun 2025 doka ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Makarantar da ta cika littafi guda a kakar bana ta yi wa Kurfai aikin da ba zai yiwu ba bayan an rufe waɗannan dattawa.