Ba Kowane Motsi Ne Ishara Ba

Akwai wani kuskure da ya yi kaka-gida a zukatan masu tsara rawa a finafinanmu da bukukuwan al'adu: suna zaton duk abin da jiki ya yi bisa kiɗa rawa ce, kuma duk ɗaga hannu ishara ce. Wannan zato shi ke mayar da rawarmu holoƙo, hadarin kaka.

Motsi shi ne sauyin wuri ko yanayin jiki: taku, juyi, tsalle, rausaya. Rudolf Laban, wanda ya fitar da tsarin rubuta rawa a 1928, ya raba taku, inda nauyin jiki ke ƙaura daga ƙafa zuwa ƙafa, da motsin gaɓar da ba ta ɗauke da nauyi. Amma wannan rabon na siffa ne kawai. Doris Humphrey ta Amurka ta ƙara zurfafawa a littafinta na 1959, inda ta karkasa ishara gida huɗu: ta zamantakewa, ta aiki, ta ibada da ta zuciya. Ke nan ishara motsi ce mai ɗauke da saƙon da al'umma ta yarda da shi.

Magabatanmu sun san haka ba tare da littafi ba. A rawar bori, mai hawan Malam Alhaji yakan ranƙwafa yana tari yana jan carbi, mai hawan Kuturu kuwa ya dunƙule yatsunsa. Da gani ɗan kallo ya san wanda ya sauka, domin jiki ya riga baki magana.

To, dubi abin da ke faruwa a yau. Ana kwaso lanƙwasa yatsu daga finafinan Indiya, alhali a rawar gargajiyarsu kowace siffar hannu tana da suna da ma'ana. Mu kuwa mun ɗauko ɓawon, mun bar ƙwayar.

Wasu za su ce rawa nishaɗi ce, ba dole ta yi magana ba. Gaskiya ne, taku zalla yana da kyawunsa, kuma ba a neman fassarar kowane juyi. Laifin shi ne a ari harshen da ba a ji, a yi ta furta shi a gaban jama'a. Mai tsara rawa ya tambayi kansa a kowace gaɓa: wannan hannun da aka ɗaga, ado ne ko zance? In ado ne, ya dace da kiɗan. In zance ne, ya zama wanda mai kallo zai gane.